Hoton Kusa-kusa: Abin da Za Ka Ƙara wa Kyamararka, da Batirin da Zai Kai Ka Ƙarshen Aiki

Goggona ce ta jefa ni cikin wannan harka. Ɗinkin hannu take yi a cikin birnin Zariya, aikin babbar riga irin mai aska takwas, wanda riga guda kan cinye mata watanni. Wani mai saye daga Kano ya ce a tura masa hoton aikin ta WhatsApp kafin ya saki kuɗi. Na ɗauko kyamarata, Canon 1300D ta hannu da na saya da lensinta na 18-55, na ɗauki rigar gaba ɗaya, ta fito tas. Da na nuna mata sai ta girgiza kai ta ce, "Ɗan nan, ai ko aikin keke haka zai fito. Ina zaren? Mai saye sawun allura yake so ya gani." Na matsa kusa, lensi ya yi ta kai da komo yana ƙara, ya ƙi kamawa. Na koma duba ta allon baya ina ta gwaji, kafin la'asar batir ya mutu, ga shi an ɗauke wuta tun safe. Ranar ba a tura hoto ba.

Tun daga nan na daina raba maganar hoton kusa da maganar batir. Wanda zai ware kuɗi don ɗaya, ya ware wa ɗayan a lokaci guda.

Kafin ka sayi komai, san iyakar abin da ke hannunka. Kowane lensi yana da tazarar da idan ka wuce ta ba zai ƙara gani ba, kuma an rubuta ta a jikinsa. A lensin 18-55 na Canon mita 0.25 ce, wato santimita 25. Ba daga bakin lensi ake aunawa ba. Duba saman kyamarar, za ka ga 'yar alama, da'ira da layi ya ratsa ta, nan ne daidai inda sensa, wato ɗan faifan da hoto ke sauka a kansa, take a ciki, daga nan awon yake farawa. Ari tef ɗin awo na tela ka shimfiɗa a kan tabarma, ka kai zum ƙarshe zuwa 55, ka matso har inda hoto zai fara dishi-dishi, ka ɗan ja baya ka ɗauka. Ƙirga santimita nawa suka shiga hoton daga gefe zuwa gefe. A tawa kusan shida da rabi ne, bai kai tsawon katin ATM ba. Sensar irin waɗannan kyamarori kuwa kusan girman babban sim ɗin waya na da take, mai milimita 25 da 15: ta Canon 22.3 da 14.9, ta Nikon 23.5 da 15.6. Idan ka ji masu hoto suna cewa "ɗaya bisa ɗaya", ko ka ga an rubuta 1:1, abin nufi shi ne abu mai girman wannan sim ya cika hoton fal. Lensin da ya zo da kyamara kashi ɗaya cikin uku na wannan yake bayarwa. Duk kayan da zan ambata, aikinsu cike wannan giɓin ne.

Alamar fure da ke jikin kyamara tana ruɗin mutane. A ƙaramar kyamara wadda ba a cire mata lensi, furen yana aiki da gaske, yana barin ka matsa sosai, musamman idan ba ka ja zum ba. A babba mai canza lensi, furen ba ya rage tazarar ko da milimita ɗaya, saitin haske kawai yake taɓawa.

Mafi sauƙin abin da za ka fara da shi shi ne tabaron kusa. Gilashi ne zagayayye da ake murɗawa a bakin lensi kamar murfin kwalba, aikinsa ɗaya da tabaron karatun da dattawa ke sawa. A kwalinsa za ka ga an rubuta Close-Up, yawanci huɗu ne a jaka ɗaya: +1, +2, +4 da +10. Lissafinsa ba wuya. Raba santimita 100 da lambar, abin da ya fito shi ne mafi nisan inda lensin zai iya gani daga bakinsa: +2 santimita 50, +4 santimita 25, +10 santimita 10. Ana iya ɗora biyu, +1 da +2 su zama +3, mai ƙarfin shi ake fara murɗawa. Kada ka je kasuwa ba ka duba faɗin bakin lensinka ba. Lambar tana gaban lensin ko a bayan murfinsa, kusa da alamar ø. Na Canon 18-55 milimita 58 ne, na Nikon 52 ne a tsofaffi, 55 a masu AF-P, na Sony 16-50 kuwa 40.5. Na ga wanda ya yi oda daga Legas, ya jira mako guda, kaya suka iso ba su shiga ba.

Ga abin da ban sani ba sai da na kashe kuɗi: tabaron kusa ya fi amfani a dogon lensi. A kan 18-55, +4 ƙari kaɗan yake yi, ba zai kai ka inda kake hange ba. Amma ka murɗa shi a kan 55-250 na Canon, wanda shi ma bakinsa 58 ne, ka ja zum zuwa 250, nan take ka samu 1:1 alhali kana da tazarar santimita 25 tsakaninka da abin. Wannan tazara ita ce ribar. Kawuna yana noman masara wajen Shika, kuma tun da tsutsar nan mai cin masara ta shigo ƙasar nan a 2016, duk damina sai ya kira ni. Tana ɓuya ne a can cikin zuciyar masarar, kuma ana gane ta da alama biyu: zane mai kamar harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar kusurwoyin ɗaki kusa da wutsiya. Idan tsutsar ƙarama ce, ido da ƙyar yake kama su. Da +4 a kan dogon lensi na ɗauko su sarai ba tare da inuwata ta rufe ganyen ba, ya kai wa malamin gona hoton a waya, aka gaya masa abin da zai yi.

Na +10 mai araha kuwa, ban ba ka shawararsa ba. Tsakiyar hoton kan fito, amma gefe-gefe sai ya narke, ga wani jirwaye shuɗi da ja-ja a bakin kowane farin abu. A kan farar shadda abin ya fi muni. Araha ba ta ado. Idan aljihu ya yarda, nemi wanda aka haɗa gilashi biyu ko uku a cikinsa don kashe wannan jirwayen, kamar Raynox DCR-250. Ƙarfinsa +8 ne, maƙala shi ake yi ba murɗawa ba, yana kama duk bakin da ke tsakanin 52 da 67.

Hanya ta biyu ita ce zoben ƙari, wanda masu shago suka sani da Extension Tube. Babu gilashi a cikinsa, bututu ne kawai da ake sawa tsakanin kyamara da lensi don nesanta lensin daga sensa. Yawanci uku ne: milimita 12, 20 da 36. Shi kuma akasin tabarau yake, a gajeren lensi ya fi ƙarfi. Raba tsawon zoben da lambar zum ɗin da lensin yake kai, abin da ya fito shi ne ƙarin da ka samu: 36 a kan 55 ya ba ka kusan kashi biyu cikin uku, ka haɗa da kashi ɗayan da lensin ke da shi, ka iso 1:1. Da shi nake ɗaukar aikin Goggo yanzu, domin tunda babu gilashi, babu jirwayen da zai ɓata launin zare. Yana da nasa sharaɗin. Muddin yana jiki ba za ka ga nesa ba, haske yana raguwa sosai, har a 1:1 kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke isa sensa, kuma bakin lensi yana matsowa dab da abin. Idan ka bar zum a 18 ba abin da zai kama sam.

Wajen saye, leƙa cikin zoben. Idan ka ga 'yan ƙananan filoli masu ruwan zinare, shi ne mai ɗauke da saƙo tsakanin kyamara da lensi. Wanda babu su ya fi araha nesa ba kusa ba, amma a Canon ba za ka iya tsuke ƙofar haske ba, za ta tsaya a wangale, kuma a hoton kusa wannan asara ce babba. Mai Canon ya ƙara duba cewa a jikin zoben akwai farar alama mai kusurwa huɗu ban da jan ɗigo, don wasu tsofaffin zobba ba sa karɓar lensin EF-S, wato irin su 18-55 ɗin nan.

Akwai zoben juyi, wanda ake kifa lensi da shi, baya ya koma gaba. Yana girmama abu ƙwarai, kuɗinsa kaɗan ne, amma yana barin cikin lensin a buɗe ga iska. A garin da hunturu ke cika mana hanci da ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ni ba na yi. Lensin makro na gaske, wanda aka ƙera musamman don hoton kusa, irin 60mm na Canon, 40mm na Nikon ko 90mm na Tamron, ya fi duk waɗannan, amma bari sai aikin ya fara mayar maka da kuɗi.

Da zarar ka matso kusa, wata matsala za ta tare ka. Wurin da ke fitowa sarai yana sirancewa har ya zama kamar kaurin farce. A 1:1, ko ka tsuke ƙofar haske zuwa f/8, bai kai milimita ɗaya ba. Kan tsutsa zai fito, bayanta ya ɓace. Don haka juya kyamara zuwa Av ko A, saitin da kai ke zaɓar faɗin ƙofar haske, ka tsaya tsakanin f/8 da f/11. Kada ka zarce f/16 da tunanin ƙarin kyau, daga nan hoton laushi yake farawa gaba ɗaya. Idan abin shimfiɗaɗɗe ne kamar yadi, fata ko takarda, daidaita bayan kyamara ya yi sambal da shi, kada gefe ɗaya ya fi kusa. Kashe fokas na kai-da-kai, mayar da makunnin lensi zuwa MF, wato fokas na hannu. Kunna allon baya, danna alamar madubin dubawa ka girmama wurin sau 5 ko sau 10, sannan ka murɗa a hankali har zare ɗaya ya fito da gashinsa.

Hannu ba zai riƙe wannan ba, numfashinka kaɗai ya isa ya gusar da fokas. Ƙafa-uku ake so, mai ɗan nauyi, ba irin sirara da ake sa wa waya ba. Kafin in samu tawa, safa na cika da shinkafa na ɗaure bakinta, in ɗora kyamara a kai bisa kujera 'yar tsugunno, kuma ta yi min aiki fiye da shekara. Sa jinkirin daƙiƙa 2, ka danna ka ɗauke hannu. Idan lensin yana da IS ko VR, wato abin rage girgiza, kashe shi muddin kyamara tana zaune, ka huta da cin batir.

Fitilar kan kyamara ba ta da amfani a nan: lensi yana tare ta, rabin hoto ya zama inuwa. Akwai fitilar zobe ta LED da ake maƙalawa a bakin lensi, tana da kyau ga ƙwari da ƙwayar iri, amma ga ɗinki tana kashe aikin, don haske daga gaba yana baje komai ya zama kamar bugun inji. Ɗinki hasken gefe yake so. A zauren gidanmu nake shimfiɗa rigar da hantsi, taku biyu daga bakin ƙofa, inda rana ba ta faɗa kai tsaye. Hasken yana shigowa a kwance, kowane ɗinki ya yi 'yar inuwarsa, sai ka ga aikin ya taso. A ɗaya gefen ina jingina farar takarda a jikin kwano don ta maido haske kaɗan cikin inuwar. Idan yadin fari ne, ƙara +1 a ma'aunin haske, in ba haka ba kyamara za ta mayar da shi ruwan toka.

A kan ƙura: f/11 tana tona duk ɗigon da ke kan sensa. Canza zobe a cikin ɗaki, kyamara a kashe, bakinta yana kallon ƙasa. Sayi ɗan famfon roba na hura iska, kada ka hura da baki. Da damina kuma jefa 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi a jakarka, don kada lensi ya yi fumfuna.

Duk wannan zama na duba allo da girmamawa, batir ne yake biyansa. Canon ta auna 1300D da batirin LP-E10: hoto kusan 500 idan ta tagar leƙe kake dubawa, amma ta allon baya bai kai 200 ba. A aikin kusa ko wannan ba za ka samu ba, tunda kana iya shafe minti biyar allo a kunne kafin ka danna sau ɗaya. Kyamarori marasa madubi irin Sony a6000 kullum a wannan hali suke, batirinsu NP-FW50 hoto 360 aka auna masa. Shi ya sa nake cewa batir na biyu ya riga tabarau shiga jaka.

Cire naka ka karanta sunansa, da shi za ka je kasuwa, ba da sunan kyamara kaɗai ba. LP-E10 na 1100D, 1200D, 1300D, 2000D da 4000D ne, ƙarfinsa 860mAh. LP-E17 na 750D, 800D, 200D da 250D ne, 1040mAh. Nikon daga D3100 zuwa D3500, da D5100 zuwa D5600, EN-EL14 ko EN-EL14a suke ci, na biyun 1230mAh. Riƙe waɗannan lambobi, don su ne za su tona jabu. Na taɓa sayen wani a wani shago, jikinsa an rubuta 2200mAh, na ɗauka na yi tsintuwa. A hannu ya fi nawa sauƙi kamar ba komai a ciki, ban kula ba. Wata rana cikin Afrilu na bar jakar a mota a Tudun Wada daga azahar zuwa la'asar. Da na dawo batirin ya kumbura a cikin kyamara, ya ƙi fita, sai da mai gyara ya manna masa salatif ya jawo shi da dabara. Ƙwanso ɗaya ba zai ɗauki ninki biyu da rabi na abin da kamfanin da ya ƙera shi ya iya cusawa ba. Idan ka ga lamba ta yi tsalle haka, ajiye. Akwai na wasu kamfanoni masu kyau da ba na asali ba, lambarsu kan yi kusa da ta asalin. Sai dai mai LP-E17 ya sani cewa da yawansu kyamara za ta yi masa tambaya a allo, ba za ta nuna saura nawa ba, wasu kuma ba sa hawa cajar asali sai tasu.

Zafi shi ne babban abokin gabar batirin litiyam, mu kuma daga Maris zuwa Mayu a cikinsa muke. Kada ka bar shi a mota, ko a kan taga, ko ka yi cajinsa a kan katifa. Idan ya ɗumama daga aiki, bari ya huce kafin ka ɗora shi. Gwada shi lokaci-lokaci a kan tebur mai santsi: idan ka taɓa shi ya juya kamar katantanwa, cikinsa ya fara tasowa, aikinsa ya ƙare. Naɗe bakinsa da salatif, kuma kada ka jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta, fashewa yake yi. Idan za ka ajiye kyamara wata guda ko fiye, cire batirin, bar shi da kusan rabin caji, ka riƙa leƙa shi bayan 'yan watanni, don wanda ya zauna fanko ya daɗe yana iya ƙin tashi. A aljihu kuma kada ya haɗu da makulli sai da murfinsa.

Cajar asali tana karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240, saboda haka raunin wuta bai cika damunta ba. Abin tsoro shi ne tsallen da wuta ke yi lokacin da aka maido ta, ko lokacin tada janareta. Zare caja idan aka ɗauke, ka jira wuta ta zauna kafin ka mayar. Abin da ya fi sauƙaƙa min rayuwa shi ne 'yar caja mai gida biyu da ke shan wuta ta USB. Ina jona ta da fawa bank, ko da sola, ko a mota a hanyar Shika. Ta fi ta asali jinkiri, amma ba ta jiran kowa. Mai aikin tebur da yawa zai iya neman batirin bogi mai waya, wanda ake sawa a gidan batir a jona da wuta: na Canon ɗin nan DR-E10, na Nikon EP-5A.

Masu kyamarar da ke cin batir AA, kamar Nikon Coolpix B500 mai cin huɗu, da masu fitilar ɗorawa, ku rabu da batirin tocila na shagon unguwa. Ba shi da ƙarfin da kyamara ke zuƙa lokaci guda, hoto kaɗan za ta ce ya ƙare alhali rediyo zai yi kwanaki da shi. Nemi na caji masu NiMH, irin Eneloop, wanda Sanyo ta fito da shi a 2005, yanzu yake hannun Panasonic. An rubuta 1.2V a jikinsu maimakon 1.5V, kada wannan ya dame ka, sun fi riƙe ƙarfi har ƙarshe, kuma ba sa saurin zubar da caji idan an ajiye su. Shiga saitin kyamarar ka gaya mata irin batirin da ka sa, don ma'auninta ya faɗi gaskiya. Huɗun da suka fara aiki tare su ci gaba tare, kada ka gauraya tsoho da sabo, kuma caja mai lura da kowane gida daban ta fi.

Don rage ci, kashe Wi-Fi, rage hasken allo, sa kyamara ta kashe kanta bayan minti ɗaya. Na rubuta 1 da 2 a jikin baturana da maka, wanda yake cike ina ɗaura masa robar ƙulla kuɗi, idan na cire robar na san ya shiga aiki.

Rigar da Goggo ta gama bayan Sallah, da daddare na cika duka biyun da fawa bank. Da hantsi muka shimfiɗa ta a zaure, na sa zoben 36, f/11, takarda a jikin kwano. Na farko ya mutu muna kan aska ta biyar, na sa na biyu. Da muka iso tambarin da ke gefen aljihu na girmama shi sau 10 na juya mata allon. Ta gyara tabaronta ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a wani wuri inda ɗinki biyu suka ɗan buɗe, farin yadi yana leƙowa. Ta ce, "Dakata, kada ka tura tukuna. Miƙo min allurar nan da ke kan taga."